Yafiyar da Na Riƙe

Gwiwa ce ta kawo ni Doha. Wata biyu aka ce zan yi a duba ni in koma Zariya. Ban cika wata guda ba cutar nan ta shigo, jirage suka tsaya, aka rufe masallatai, ladan ya koma cewa kowa ya yi salla a gidansa. Haka wata biyu ya zama kusan shekara uku. 'Yata ta fari ce ta kawo ni. Tana koyarwa a jami'a, kuma a takarda ita ce kafil ɗina, wato ita ke da alhakina a ƙasar. Ranar da ta gaya mini haka sai da na yi murmushi. Yarinyar da ban taɓa kiran sunanta ba saboda kunyar ɗan fari, yau ga sunana a ƙarƙashin nata.

A unguwar Muntaza muke, bene mai hawa bakwai, mu a hawa na uku. Tagar falonmu bangon wani benen take kallo. Lokacin kulle ita tana ɗaki tana yi wa ɗalibanta magana ta kwamfuta daga safe har azahar, ni kuma ina falo da littafin rubutuna. Sai da na haifi yara biyar na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa nake tsoron hannuna ya manta. Kullum sai na cika shafi guda, ko da sunayen kayan miya ne.

Wata la'asar na ga ta ɗauko jakar goyo, ta jera robobin ruwa a ciki, ta sa takunkumi.

"Ke, ina zuwa? An ce kada a fita."

"Ba fita zan yi ba, Inna. Matakala zan hau."

"Lifta ce ta lalace?"

"Lafiyarta ƙalau."

Ta sauka har ƙasa, ta hau har sama, ta sake sauka. Da ta dawo tana haki ta ce lissafi ya ɓace mata, ko zan riƙa ƙirga mata. Daga ranar na samu aiki. Nakan buɗe ƙofa kaɗan, in zauna a kujera 'yar tsugunno da kwano biyu, ɗaya cike da ƙwallon dabino, ɗaya wayam. Duk wucewarta zuwa sama sai in jefa ƙwallo guda. Takan ce "Nawa?" ba tare da ta tsaya ba, in ce "Tara." Wata rana hirarmu ke nan gaba ɗaya. Ban raina ta ba. A benen nan ba wanda nake jin yarensa sai ita.

Da aka fara buɗe hanyoyi ta ce za ta Tanzaniya hawan dutse. Ni dutsen da na sani Kufena ne, wanda samari ke hawa da hantsi su sauko kafin azahar. Na ɗauka irinsa ne, sai dai ya ɗan fi shi. Ranar tafiya ta durƙusa a gabana kamar yadda muka saba a gidanmu, ta ce, "Inna, zan yi tafiya, ki yafe mini." Na ce, "Ba ki yi mini komai ba. Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Tun tana makarantar kwana ba ta taɓa taka mota ba sai ta ji wannan daga bakina.

Ta dawo leɓenta a tsattsage, farcen ƙafarta biyu sun yi baƙi. Tana nuna mini bidiyo, ga ƙanƙara, ga gajimare a ƙasansu, sai na hango a gefe mutane huɗu suna gangarowa da wani a kan gadon ƙarfe mai taya ɗaya.

"Wancan fa?"

Ta so ta wuce wurin, na riƙe mata hannu. Sai ta ce a can sama iska ba ta da yawa, wani ƙirjinsa kan cika da ruwa, sai an sauko da shi da gaggawa.

Ƙanena ya rasu a can Zariya farkon cutar, numfashi ne ya ƙare masa a ƙofar asibiti, kuma ta waya aka yi mini gaisuwa, ina zaune a falon nan ni kaɗai. Mutane suna neman iska da kuɗinsu ba su samu ba, ita kuma ta tafi da ƙafarta inda babu.

Bayan shekara ta zo mini da wata maganar. Wani dutse ne a Ajantina, ya fi na Tanzaniya nesa ba kusa ba, tafiyar kusan mako uku. Ta ce a iya bincikenta ba wata mace daga wajenmu da ta taɓa kaiwa ƙolinsa.

"In kin zama ta farko sai a ba ki me?"

"Ba komai, Inna. Sai dai in an tambaya a ce akwai."

"Ko miji aka ajiye miki a can saman?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki, don ta san tun mutuwar aurenta ban daina yi mata wannan zancen ba. "Da akwai ai da tun bara na sauko da shi a jaka."

Ni ban yi dariya ba. Washegari na wanke kwanonin nan biyu na kife su, na zubar da ƙwallayen. Ta ci gaba da hawanta ita kaɗai. Ina jin takunta yana wuce ƙofa, ƙofar a rufe.

Gasar ƙwallon duniya ta zo, aka ba su hutu, ranar tafiya ta yi. Da hantsi ne, mai tasi yana jira a ƙasa. Ta ajiye jakarta a bakin ƙofa ta durƙusa.

"Inna, zan yi tafiya, ki yafe mini."

Ba abin da ta yi mini, Allah ya sani. Dabara ce kawai na yi a raina: yarinyar da ba ta taɓa tafiya ba tare da wannan kalma ba, in na riƙe ta, za ta kwance kayanta. Na ce, "Kin ɗauki rigar sanyin?"

"Na ɗauka. Inna, ki yafe mini."

Na juya ina kallon bango. Wayarta ta yi ta ƙara, mai tasi ne. Ta daɗe a durƙushe, har na fara ganin dabarata ta ci. Sai na ji ta miƙe. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ta ce, "Amin," ta ja ƙofar a hankali.

Makon farko tana turo saƙo. Ga alfadarai ɗauke da kaya, ga tantuna masu ruwan ƙwai a kan tsakuwa, ga ta nan cikin rigar da ta mai da ita kamar buhun auduga. Nakan amsa, "To. Allah ya tsare." Har lokacin ina jin kamar in na ƙara shiru kaɗan za ta juyo daga gindin dutsen. Sai ta turo na ƙarshe: daga gobe za su haura inda waya ba ta kamawa, kada in damu in na ji shiru. Ba ta sake roƙona ba.

Garin kuwa ya cika ya batse. Daga la'asar sai ganguna da waƙa a titi. Mafi yawan masu wucewa ta unguwarmu riga ɗaya ce a jikinsu, mai ratsin fari da shuɗi, kuma ta riga ta gaya mini mutanen ƙasar da za ta ne. Na riƙa tsayawa a ƙofar bene ina kallonsu. Sun baro ƙasarsu sun zo tamu unguwar, tawa 'yar ta tafi tasu, kuma ba wanda zan iya tambaya a cikinsu.

Kwana uku da yin shirunta na sauka kanti sayen madara. A lifta na haɗu da wata mata sa'ata, kanta fari fat, da rigar nan mai ratsi. Baƙi ne da suka kama haya a hawa na biyar. Ban san lokacin da na ciro waya na nuna mata hoton dutsen ba. Ta buɗe ido, ta faɗi sunansa yadda ni ban iya faɗa ba, ta ɗaga hannu sama har ya taɓa rufin liftar. Na nuna mata hoton 'yata a gindinsa, na dafa ƙirjina. Murmushinta ya ragu. Ta rungume kafaɗunta kamar mai jin sanyi, ta taɓa goshinta da ƙirjinta yadda Kiristoci ke yi, sannan ta kama hannuna ta matse, tana wata magana mai tsawo. Ƙofa ta buɗe, 'yan'uwanta suka ja ta suka tafi filin wasa. Har yau ban sani ba ko lallashina ta yi ko gargaɗi.

Ban sayi madarar ba. Na koma na zauna, abin da na yi ya tsaya mini a gaba. In wani abu ya same ta a can, za ta tafi tana zaton uwarta na riƙe da ita. Ni kuma in rayu da kalma a baki, ba wanda zan faɗa wa.

Na ɗauki waya zan yi mata saƙon murya, bakina ya ƙi. Sau uku ina dannawa ina gogewa. Sai na fita, ban bi ta lifta ba, na kama ƙarfen matakala. Daga hawa na uku zuwa na bakwai na tsaya hutawa ya fi sau goma, gwiwa tana ƙara, ƙirji yana zafi. Wannan ne abin da take yi sau arba'in da ruwa a baya, ina zaune ina jefa ƙwallo. A sama ƙofar rufin bene a kulle take. Na zauna a matakalar ƙarshe, wurin ba kowa sai tsintsiya da bokitin masu shara. Ina haki na danna. Na kira sunanta. Tun da aka raɗa shi ranar suna bai taɓa fita daga bakina ba, har na ji shi baƙo. Na ce na yafe mata duniya da lahira, ba ta taɓa yi mini komai ba, ni ce na ji tsoro.

'Yata ce ta koya mini alamomin da ke fitowa a gefen saƙo: guda ɗaya, saƙo ya bar hannunki, biyu, ya isa wayarta. Guda ɗaya ya nuna. Kwana biyar yana nan guda ɗaya. Ina idar da salla sai in duba, ina ɗora tukunya sai in duba. A kwanakin nan shafin littafina jimla ɗaya ce daga sama har ƙasa, na yafe miki, na yafe miki, har na daina ganin haruffan.

Rana ta shida bayan la'asar na duba na ga biyu. Ban gama cewa alhamdulillahi ba wayar ta yi ƙara. Fuskarta ta ƙone, hancinta yana saɓa, muryarta ta dushe.

"Inna, ban kai ba."

"Kina lafiya dai?"

"Lafiya lau. Yatsuna goma, na ƙirga." Ta ɗaga su ta nuna mini. Sannan ta ba ni labari. Sun kusa, tana ganin ƙolin da idonta. Amma akwai lokacin da aka yanka tun a ƙasa, in ya wuce a juyo ko an kai ko ba a kai ba, ga shi ya wuce, ga iska ta fara tashi. Jagoransu ya ce wanda ya yarda da kasadar ya biyo shi, wanda bai yarda ba ya sauka da mataimakinsa. Mutum biyu suka bi shi.

"Na zauna a kan wani dutse, Inna. Ƙarfi ina da shi, matakalar nan ba ta tafi a banza ba. Sai na ce, in abin ya zo da ƙarar kwana, da me zan je, ba ki yafe mini ba? Sai na juya."

"Su biyun fa?"

"Sun kai. Sun sauko lafiya."

Saƙon yana hanya tun kwana biyar, da ta ji shi da ta hau. Dabarata ta ci bayan na daina son ta ci. Kuma ba zan ɓoye ba, wani ɓangare na zuciyata murna yake yi, ina jin kunyar murnar.

"Na ji saƙonki ɗazu," ta ce. "Sau huɗu na saurara. Ashe dai kin san sunana."

"Ke, kada ki saba."

Ta yi dariya, tari ya katse ta. Da ya lafa na ce, "Ke ma ki yafe mini. Na tare miki hanya."

"Haba, Inna."

"Ki faɗa dai."

"Na yafe. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ta dawo bayan an gama gasar, gari ya watse, ana sauke tutoci daga jikin fitilun titi, baƙin hawa na biyar sun tafi. Ba ta yi zancen dutsen ba, ni ma ban yi ba. Ko wata ta riga ta zama ta farkon, ban sani ba, ba na tambaya. Amma nakan ga ta daɗe a tsaye a tagar falo tana kallon bangon nan.

Na tara ƙwallon dabino na mako biyu, na wanke su na shanya a faranti. La'asar ɗin da na ji tana jera robobin ruwa a jaka, na riga ta fita, na ajiye kujerata a bakin ƙofa da kwano biyu. Ta dube ni, ta dubi kwanonin, sannan ta sauka. Can na ji takunta yana haurowa.

"Nawa?"

"Ɗaya. Kuma na yafe tun yanzu, ki riƙe a wurinki, duk ranar da tafiyar ta tashi."

Ta ɗan tsaya, hannunta a kan ƙarfe, sannan ta wuce. Na jefa ƙwallon, na ɗauki na biyu na riƙe. Takunta ya yi ta raguwa, hawa na huɗu, na biyar, har na daina ji.