Tarwaɗar Rijiyar Gidanmu

Tun da Gwaggo ta ɗaura igiyar guga a ƙuguna, ta ja ƙullin har sau biyu, na san ba wasa take yi ba. Shekarata tara a lokacin. Yanzu na gama sakandare, amma shekaranjiya da na wuce wata mai farfesun kifi a Yelwa, na ji tarwaɗa ta motsa a cikin baho, sai da na dafa bango.

A Ƙofar Dumi na tashi, a hannun Gwaggo, yayar Babana, wadda aka ba ta riƙona. Akwai rijiya a tsakar gidan, a cikinta kuma akwai tarwaɗa. Kakana ne ya jefa ta tun tana kamar ɗan yatsa, don ta riƙa cinye tsutsa da ƙwarin da ke faɗawa ruwa. Ya rasu ya bar ta tana ta girma a cikin duhu. Matarsa, Kaka, takan zuba mata ragowar tuwo. Ta ce kifin nan ba ya saurin mutuwa, in ruwa ya janye sai ya kwanta cikin taɓo, yana ɗago kai yana shaƙar iska kamar mutum.

Da bazara ne, ruwa ya yi ƙasa, Kaka ta tafi gidan suna. Ina jan ruwa, guga ya kwance ya faɗa. Maƙwabtanmu suna da ƙugiyar ciro guga, amma Gwaggo ta ce ba ta zuwa aro.

"Ke kika jefa, ke za ki ɗauko. Gobe kya riƙe da kyau."

Ta naɗe igiyar a itacen bakin rijiya, ta zura ni. Sanyi, warin gansakuka, sama ta koma kamar faifai. Ruwan ya kawo mini ƙirji. Na lalubo gugan, na ce ta ja ni. Ta leƙo, ta ce in jira ta gama daka. Ina nan tsaye ina jin ƙarar taɓarya.

Sai na ji gashin bakin tarwaɗar yana shafar cinyata. Kanta faffaɗa ne kamar akushi, jikinta babu ɓawo sai yauƙi. Tuwo take nema, daga baya na gane haka. Ni ce na firgita na taka ta. Tana da ƙaya a gefen kai, mai haƙora kamar zarto. Ƙayar ta shige tafin ƙafata, ta karye a ciki.

Ihuna ne ya sa Gwaggo ta jawo ni, kada maƙwabta su shigo. Ta zuba kananzir a wurin, ta ɗaure da tsumma.

"In kika faɗa wa wani, can za ki koma."

Ban faɗa ba. Kwana huɗu ƙafar tana kumbura, zazzaɓi yana kada ni, har Kaka ta ji wari ta kwance tsumman. A asibiti suka ciro ƙayar, likita ya ce in ruɓar ta haura sai an yanke ƙafar. Gwaggo ta gaya wa kowa ni na shiga rijiya da ƙiriniyata.

Yau an rufe rijiyar da siminti, ruwan bohol ake sha, tarwaɗa kuma a tankin roba ake kiwonta. Gwaggo ta tsufa, ni nake yanke mata farce. Ta ce ita ba ta tuna wani abu mai kama da haka ba.

Ni ina tunawa. Rana ta shida a asibiti ta zo da kwano a rufe. Ta sa masu yasar rijiya sun fito da tarwaɗar, ta watsa mata gishiri da ranta, wai ta daɗe tana birgima a tsakar gida kafin ta yi shiru. Tana ba da labarin tana dariya.

"Sha, kifi yana ƙara jini. Ga tsoka, babu ƙananan ƙayoyi."

Ana kiran la'asar likita ya buɗe ƙafar, ya danna, ya dube ni.

"Yarinya, kin tsira. Babu sauran abin tsoro."

Kaka ta fashe da kuka tana hamdala. Gwaggo ta kawo cokali bakina.

"Kin dai ji. Gobe sai gida."