Takardar Garkarmu da Na Manne da Ƙaro

Ina ɗan shekara goma sha biyar a lokacin, ɗan lakwal, wato makarantar boko, a Agadas, zamanin da Nasara ke mulkin ƙasar nan. Arlit ɗin da nake zaune yanzu da tsufana ko bukka ba a kafa ba tukuna, sai dai mukan ji labarin Turawa na yawo cikin daji suna gwada duwatsu. Ni yaro ne marar magana. In baƙi suka shigo gida nakan sulale da littafina. Abin da aka san ni da shi kawai shi ne tsaftar kaye, wato littafin rubutu: layina ba ya karkacewa, tawada ba ta ɗiga mini. Wannan tsanakin da ake yabona a kansa shi ya ja wa gidanmu asara, kuma yau na ga ya kamata in faɗa.

Mushenmu, wato malamin ajinmu, ya taɓa nuna mana littafin danginsa, an manna hotuna da wasiƙu da busassun furanni shafi-shafi. Abin ya shiga raina. Da na koma hutu ƙauyenmu cikin duwatsun Abzin, inda mahaifina ke da garkar dabino da alkama da rijiya guda, na ƙudura sai na yi wa gidanmu irinsa. Hoto ɗaya ne tak a gidan, na katin mahaifina, ban kuwa isa in taɓa shi ba. Sai na jiƙa ƙaro na riƙa manna abin da na samu: ƙyallen rawanin kakana marigayi, gashin wutsiyar raƙumin da ke ja mana ruwa, ganyen dabinon da aka dasa ranar sunana. Kakata ta yi ta yi mini tsiya, wai mijin nata ya rasa aiki ya koma tara tarkace kamar ɓera. Ta ce in buɗe tsohuwar jakar fatar kakana in ɗauki abin da nake so, in dai ba ita ma zan manna a ciki ba.

A cikin jakar na tarar da wata takarda a naɗe. Faransanci ina karanta shi kamar ruwa, amma rubutun alƙalan dā ya fi ƙarfina. Sunan kakana kaɗai na gane a layin farko. A bayanta ma akwai ƙananan rubutu da wani zagaye da na ɗauka tabo ne. Ban tambayi kowa ba. Na datse gefunan da suka zagwanye da almakashi, na shafe bayan da ƙaro, na manna ta a shafin farko, na danne da dutse. Ta yi kyau ƙwarai.

Kafin hutun ya ƙare ƙorama ta cika ta share shingen da ke tsakaninmu da maƙwabcinmu. Da ya tashi mayar da shinge, sai ya zagaye har da rijiyarmu. Mahaifina ya yi dariya ya ce a bar shi ya gaji da kafa ƙaya, akwai takarda. Ya zazzage jakar bai gani ba. Kwana uku yana birkice gida ina kallo. Kakata ba ta tona ni ba, kallona kawai take yi, har na gaza na ɗauko littafin. Bai buge ni ba. Ya tambaye ni ko za a iya ganin bayan, don fuskar takardar ta ce kakana ya sayi garka ne kawai. Iyaka da sunayen shaidu da hatimin alƙali duk suna baya, shaidun kuwa ba wanda ya rage da rai.

Na ce ya bar mini, na iya. Na jiƙa ƙyalle na riƙa dannawa a hankali har ƙaron ya saki. Na manta cewa tawadar malamai ce, irin wadda ake wankewa daga allo. Da takardar ta ɗago, baƙin dabbare kawai muka gani.

Alƙali ya juya ta gaba da baya, ya ce garka tamu ce ba musu, amma ba zai yi hukunci da abin da ba ya karantuwa ba. Maƙwabcin ya rantse, rijiya ta zama tasa. Mun haƙa wata har sau biyu ba mu sami ruwan kirki ba, dabinon suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Mahaifina, mutumin da bai taɓa yi wa kowa aiki ba, ya koma jagoran Turawa masu neman dutse, yana nuna musu hanya da rijiyoyi. Sau ɗaya ya taɓa tayar da zancen, ya ce laifinsa ne da bai taɓa gaya mini abin da ke cikin jakar ba. Da ma duka ya yi mini da ya fi sauƙi.

Ba na hana kowa haɗa littafin tunawa da dangi, abu ne mai kyau. Amma kafin ka sa almakashi ko ƙaro a tsohuwar takarda, ka kai wa wanda ya iya karanta ta, gaba da baya. Iyaye kuma ku gaya wa 'ya'yanku abin da kuka ɓoye tun kuna da rai. Kunya ce ta hana ni tambaya, da ganin cewa ni ne mai karatu a gidan. Da na yi wa mahaifina tambaya ɗaya a bakin rijiya, da a garkarsa ya tsufa.