Littafin Baba Gadina da Fannin da Na Zaɓa

Shekarar da na koma jami'a neman digiri na biyu a fannin ilimi, ina zaune ne da iyalina a boskwatar gidan Baffa, a Nassarawa GRA. Baffa ƙanen mahaifina ne. Shi ya ɗauke ni bayan rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa, lokacin na yi nisa a allo kuma hannuna ya faɗa da rubutun ajami, ya sa ni a makarantar boko. Tun daga ranar ban taɓa yanke wata babbar shawara ba sai da yawunsa. Ko aurena shi ya nema mini. Ya yi aiki a ma'aikatar ilimi har ya kai darakta, kuma bayan ya yi ritaya manyan ma'aikata ba su daina zuwa gaishe shi ba.

A lokacin soja sun koma bariki, farar hula sun karɓi mulki, ga shi kuma an fara aiki da shari'a a jihar. Ana ta buɗe sababbin hukumomi, ana neman masu takarda. Wannan ya shigo har ajinmu. Tsarin karatun shi ne a zangon farko kowa ya zauna aji ɗaya, a ƙarshensa a raba fom kowa ya zaɓi fannin da zai ƙware a kai. Masu Larabci a cikinmu suka karkata ga koyar da addini, suna hangen sababbin hukumomin nan. Mafi yawa kuwa fannin tsare-tsare da gudanar da ilimi suke so, don shi ne hanyar zama shugaban makaranta ko samun ofis a ma'aikata. Akwai wasu fannonin da ba a cika ambato ba. Ilimin manya na cikinsu, har wani abokin karatuna yakan ce a can malamai sun fi ɗalibai yawa, wai ranar da mutum ɗaya ya yi zazzaɓi sai a ba da hutu.

Ni ba ni da abin tunani, domin Baffa ya riga ya zaɓa mini gudanarwa. Ya gaya mini ya yi magana da wani darakta da ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa, akwai kujera a sashen tsare-tsare, za a riƙe mini ita har na gama. Na yi godiya, kuma har zuciyata na yi ta. Na daɗe ina shaƙar ƙurar alli a makarantar sakandare, na ƙosa in huta.

A cikin zangon farkon nan ne wata malamarmu ta ba mu aiki. Ta ce kowa ya nemi mutanen da ba irin ɗalibansa ba, ya koyar da su na mako shida, ya rubuto abin da ya gani. Na nemi mafi sauƙi. Layinmu cike yake da masu gadi da direbobi da kuku, mutanen ƙauyukan Kano da Jigawa da Katsina. Baffa ya ba ni aron gareji, na jingina allo a jikin bango, na sayo littattafan rubutu da fensira. Mutum bakwai suka amsa. Muka sa Asabar da Lahadi, bayan La'asar.

Biyu daga cikinsu na fi tunawa. Ɗaya direban Baffa ne, Bakatsine mai surutu, wanda ya ce yana so ya riƙa karanta takardun mota kafin ya miƙa su a shingen hanya. Ɗayan kuwa wani dattijo ne mutumin Jigawa, mai kula da furanni a gidan da ke kallon namu, kowa Baba Gadina yake ce masa. Da na tambaye shi abin da ya kawo shi, sai ya ce ranar da ya je yankar katin zaɓe, yarinyar da ke rajista ko tambayarsa ba ta yi ba, ta kama babban yatsansa ta dangwala a tawada kamar na jariri. Abin ya tsaya masa a rai. Na jinjina kai na wuce ga na gaba. A rajistar da na buɗe akwai gurbin karatun da mutum ya taɓa yi. Na bi layi na rubuta babu ga dukkansu, ban tambayi kowa ba, tunda na san babu wanda ya taka firamare.

Baba Gadina yakan zauna can baya a kan wata tsohuwar taya, littafi a kan gwiwa, ya kare shi da hannun hagu. Kullum a sunkuye yake yana rubutu. Direba ya sa shi gaba da tsokana.

"Baba, wai wasiƙar neman aure ce kake ɓoyewa? Ka faɗa mana mu shirya rakiya."

"Takardar korarka ce nake rubuta wa Alhaji," in ji Baba, bai ko ɗago ba. "Saura laifi biyu ta cika."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ci gaba da abin da na sani, wato yadda ake koyar da yara. Na kwashe mako biyu ina yi musu bayanin cewa kowane harafi sauti yake wakilta, ina maimaitawa a hankali kamar mai lallashi.

A mako na huɗu na karɓi littattafan don in duba. A ofishin malamai na duba su, tsakanin darasi da darasi, ina sauri. Da na zo kan na Baba na buɗe shafin farko, fari fat. Na biyu haka, na uku haka. Na ɗauki jan biro na rubuta cewa ba a yi aiki ba, na rufe. Raina ya ɓaci, don na ɗauka duk sunkuyon nan wasa yake yi da hankalina.

Ranar Asabar na raba wa kowa littafinsa, na bar nasa a hannuna. A gaban mutane na ɗaga shi na nuna fararen shafukan. Na ce idan mutum inuwa ya zo sha, ya faɗa, akwai bishiyoyi a waje. Na faɗi wasu maganganun da nakan faɗa wa yaran aji ɗaya, ga mutumin da ya yi sa'ar mahaifina. Baba ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Malam." Ya fita bai karɓi littafin ba. Lahadi bai zo ba.

Littafin ya kwana shida a kan teburina. Ranar Juma'a da safe matata tana neman takardar da za ta rubuta cefane, ta ɗauke shi, da ta ga gabansa babu komai sai ta juya baya don ta yagi shafi ɗaya. Ina ɗaure takalmi na ji ta ce, "Malam, wannan ai a cike yake."

Na karɓa. Ta dama Baba ya fara, yadda ake buɗe kowane littafin da ya taso yana buɗewa. Ajami ne, da hannu mai tsabta, layi a miƙe kamar an ja da zare. Duk darasin da na yi yana ciki. Yakan zana harafin boko, ya sa ɗan'uwansa na ajami a gefe, sannan ya rubuta abin da zai tuna masa da siffarsa: wannan kamar lauje, wannan kamar tsani mai mataki ɗaya. A ƙasan wani shafi ya rubuta cewa yau Malam ya yi sauri. A wani wurin ya tara tambayoyin da bai yi mini ba, har da dalilin da ya sa boko ke da manyan haruffa da ƙanana alhali sautinsu ɗaya ne. A shafukan ƙarshe ya fara haɗa sunansa da boko, ya goge, ya sake.

Na zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa. Ta wannan gefen na fara buɗe littafi a duniya, a gaban mahaifina, kafin in san akwai wani gefen. Amma ga shi na riƙe littafin dattijon nan na juya shafi uku na yanke masa hukunci, ko sau ɗaya bai zo mini a rai in juya shi ba. Na yi ta istigfari. Ranar na makara zuwa makaranta.

Bayan an sauko daga masallaci na tsallaka titi. Na same shi yana daidaita shingen furanni da almakashi. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa littafin da hannu biyu, na ce na gani, na roƙe shi gafara. Ya sa ni na tashi, ya ce malami ba ya durƙusa wa ɗalibi a bakin titi. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini tun a garejin.

"Ai ba ka tambaya ba, Malam. Kuma na ɗauka a ajin boko laifi ne."

Ya ce ya yafe duniya da lahira. Sannan ya gaya mini cewa uku daga cikin sauran shidan ma suna rubuta ajami, har da wani kuku, wanda shi ke rubuta wa masu gadin layin wasiƙun gida. Duk sun ɓoye ne don kada a yi musu dariya. Na roƙe shi ya dawo aji. Ya goge almakashin da gefen riga, sannan ya ce zuciyarsa ta haƙura amma ƙafarsa ba za ta iya shiga garejin nan ba. Bai kuwa sake shiga ba.

Saura mako biyu a mayar da fom. Na je na sami malamar da ta ba mu aikin, wadda a sashen ilimin manya take, na ba ta labarin ban rage komai ba. Ta ce irin su Baba a takardun da ake tsara karatun manya da su duk cikin marasa karatu ake lissafa su, kuma a sashen nasu kaɗan ne ke iya karanta abin da irin waɗannan mutane ke rubutawa. Ta ce idan na shigo akwai aiki, amma kada in sa ran kujera. Na yi istihara kwana uku. Ban yi mafarkin komai ba. Abin da na lura kawai shi ne duk lokacin da na ɗauki biro zan cike gurbin gudanarwa, sai in ajiye.

Na sami Baffa da hantsi a barandarsa, rediyo na gefensa. Na zauna a ƙasa na gaya masa komai, har da abin da nake so in zaɓa. Ya kashe rediyon. Bai yi faɗa ba, Baffa ba ya faɗa. Ya ce abin da na gani gaskiya ne, shi ma ya san da shi tun yana ofis. Amma wanda ke zaune a sashen tsare-tsare da layi ɗaya zai iya gyara wa jiha guda, ni kuwa ina so in koma gareji da mutum bakwai, ɗaya ma ya gudu. Har yau ban tabbata ina da amsar wannan ba. Na ce dai ina tsoron in hau kujerar nan da irin idon da na duba littafin Baba da shi, in yi wa dubban mutane abin da na yi wa mutum ɗaya. Na ce idan ya umarce ni da gudanarwa zan bi, izini nake nema.



"Ban taɓa roƙon kowa aiki don 'ya'yan cikina ba," in ji Baffa. "Kai kaɗai na buɗe baki na roƙa wa."

Na sunkuyar da kai.

"Ba zan umarce ka ba, kai ma uban wasu ne. Amma ni ba zan koma wurin mutumin nan ba. Ka je da ƙafarka ka gaya masa."

Na je ranar Litinin. Na yi zaman jira a ƙofar ofishin daraktan har kusan Azahar. Da na shiga na yi bayani, ya dube ni kamar bai ji daidai ba, ya tambaya ko Alhaji ya sani. Na ce shi ya aiko ni. Ya ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri, ya ja wani fayil gabansa. Daga nan na wuce jami'a na rubuta ilimin manya a fom na miƙa. Mu huɗu ne a sashen a shekarar. Kujerar kuwa wani ɗan ajinmu aka ba, mutumin kirki, ya kuma yi nisa a aikin gwamnati.

Watanni Baffa yana amsa gaisuwata a taƙaice. Kullum da safe nakan je in durƙusa, ya ce lafiya lau, ya mayar da ido kan jarida. Hajiya, matarsa, takan ce mini in yi haƙuri, ciwon ba na fannin ba ne, na roƙon da ya yi ne. Sai da azumi ya kama, a kwana na uku, ya aiko a ce in zo mu sha ruwa tare kamar yadda muka saba. Muka sha, muka yi sallah, ya tambaye ni lafiyar yara. Bai ta da maganar karatuna ba, ni ma ban tayar ba.

Haka muka zauna har Allah ya karɓi ransa bayan wasu shekaru. A jinyarsa ta ƙarshe na roƙe shi gafarar duk abin da na taɓa yi masa. Na so in ambaci maganar kujerar nan da sunanta, ban iya ba. Ya ce ya yafe mini komai, ya sa mini albarka, sannan ya ce in gyara masa matashin kai. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.