Kalmomi Uku a Takardar Jibo

Har yau ban manta da Asabar ɗin da aka kawo Jibo makarantarmu ta koyon kiɗa da ke unguwar Yantala ba. Ina shekara ta biyu a jami'a, kuma duk Asabar ni ke zama a teburin rajista. Ina ba da labarin ne domin ku da za ku gaji teburin.

Ga yadda tsarin yake. Idan an kawo sabon yaro, sai mai rajista ya cika masa takarda: suna, shekaru, unguwa, da wani fili a ƙasa na bayanin halinsa. Daga nan a shigar da shi ɗakin kayan kiɗa ya taɓa kowanne, gurumi, molo, sarewa, kalangu. Darakta, Mushe Isufu (haka muke faɗin Monsieur na Faransanci), shi ke yanke abin da yaro zai koya, kuma yana dogara sosai da filin nan na ƙasa.

Mahaifiyar Jibo, Inna Hamsa, Bazabarma ce daga unguwar Boukoki, Hausarta ta kasuwa ce. Da na tambaye ta halinsa, sai ta dafa kansa ta ce, "Ɗana, yaron nan ba ya ji."

Na yi murmushi, don iyaye da yawa haka suke faɗa. A wurinmu yaron da ba ya ji shi ne mai ƙiriniya. Na ga ta buɗe baki kamar za ta ƙara magana, amma ni mutum ne mai kunya, ba na son tsawaita tambaya ga babba. Na rubuta "ba ya ji" da kyakkyawan rubutu, har na ja layi a ƙasa.

A ɗakin kayan kiɗa Jibo ya wuce komai ya rungumi kalangu, ya matse shi a hammata ya ƙi saki. Mushe Isufu ya duba takardata ya ce mai ƙiriniya ba a ba shi ganga, sarewa ce za ta koya masa natsuwa. Aka karɓe kalangun. Yaron bai yi kuka ba.

Wata uku yana busa sarewa ba daidai ba. A kira shi ta baya, ba ya waiwayowa, sai mu ce ai dama an faɗa mana. A watan Janairu darakta ya sa na kira uwar. Ya gaya mata cikin ladabi cewa sun yi iya ƙoƙarinsu, amma yaronta ba ya ji.

Ta dube ni ta ce, "Ai na gaya wa ɗan nan tun ranar fari."

Sai ta yi bayani, rabi da Hausa rabi da Zabarmanci. Sanƙarau ya kama Jibo bara. Lokotoro, wato likita, ya ce sauran jin da ya rage masa a kunnen hagu tafiya yake yi a hankali. Ta kawo shi ne ya koyi kiɗa ɗaya tun yana iya jin abin da hannunsa ke yi, ya samu abin riƙewa idan shiru ya zo. Da ta ga an ba shi sarewa, ta ɗauka mu masu ilimi mun san dalili.

Mushe Isufu ya tashi da kansa ya ɗauko kalangun. Jibo ya matse shi, ya buga, ya rufe ido yana bin rawar fatar a haƙarƙarinsa. Darakta ya sunkuya daidai kunnensa na hagu ya kira sunansa sau biyu. Bai buɗe ido ba.

Ba wanda ya yi mini faɗa. Inna Hamsa ma cewa ta yi Hausarta ce ba ta isa ba. Wannan ya fi faɗa ciwo, don tata ta isa, tawa ce ta yi gaggawa.

Jibo yana zuwa har yanzu, hannunsa ya faɗa, amma bai taɓa jin kiɗansa da kunne ba. Wata ukun nan su ne na ƙarshe da kunnensa ke ji, mu kuma muka cinye su da sarewa.

Shi ya sa nake ce muku, idan uwa ta faɗi magana a teburin nan, ku ajiye alƙalami ku tambaye ta me take nufi. Ni ba na rubuta komai a filin ƙasa sai na ji amsar.