Ranar da Ƙarfe Ya Sha Man Miyata

A shekarun da damina ta riƙa yi mana rowa, maƙerar maigidana ta yi tsit. Wa zai sayi fartanya alhali gona ba ta ba shi komai? Ni ƙuliƙuli nake soyawa, har gyaɗar ma ta gagara. Abin daraja da ya rage mini shi ne tasar jan ƙarfe da Inna ta bar mini, kuma na riga na ce wa dillaliya ta zo ta ɗauke ta ranar kasuwar Ɗanbatta, mu sayi gero. Na faɗa ne kawai, amma raina yana ƙuna.

Sai ga maigida ya dawo daga Dawanau yana washe baki. Wai wani Alhaji mai hatsi ya gaji da musanya masa kwanonin awo da ake yi, yana neman wanda zai zana masa shaidarsa a jikinsu, zane mai kyau, ba karce da ƙusa ba. Ladan aikin kuma gero ne! Sai dai kurfin maigida na datse ƙarfe ne, dole ya ƙera siriri na zane.

Ya samo karyayyen magagari, ya hura wuta. Ina jiyo masaba ta katanga, ina ta addu'a. Da ƙarfen ya yi jawur ya tsoma shi a ruwa, yadda ya saba yi wa fartanya. Ƙas! Bakin ya tsage. Ya sake, ya kuma tsagewa, har magagarin ya koma guntu kamar ɗan yatsa.

Ya shigo gida ya tsaya yana sosa ƙeya. Na san wannan tsayuwar.

Ya ce, "Wani makanike ya taɓa gaya mini irin wannan ƙarfen ba ya son ruwa, mai yake so."

"To?"

"To, kwalbar nan taki..."

"Malam, man miyar tawa? Mu ba mu lasa ba sai ƙarfe?"

Na yi faɗana son raina, sannan na juye man a gwangwani na kai masa zaure da kaina, don in ma asara ce in gani da idona. Ya tsoma. Hayaƙi ya tashi, zaure ya ɗauki ƙanshi sai ka ce ana suyar ƙosai. Muka kasa kunne, shiru. Bai tsage ba! Ya sake ɗumama shi kaɗan, ya wasa a dutse.

Saura gwaji, kuma ba a kan kwanon Alhaji za a koyi hannu ba. Na ruga ɗaki na ɗauko tasar.

Ya ce, "Kin san fa dillaliya ba ta karɓar tasa mai shaida. A kasuwa cewa za a yi ta sata ce."

Na ce, "Na sani. Yi mini zanen da Inna take yi wa ƙorenta."

Ya ɗora bakin kurfin ya ƙwanƙwasa a hankali. Wani siririn zaren jan ƙarfe ya nannaɗo ya faɗo ƙasa, layi ya fito fes. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, har maƙwabta suka aiko a ji ko haihuwa aka yi.

Ranar kasuwa dillaliya ta zo. Ta juya tasar, ta shafa zanen da babban yatsa, ta dire mini ita. Ta ce, "Kin ɓata ta, wannan ba ta sayuwa."

Geron Alhaji bai iso ba tukuna, miyarmu kuma ba ɗigon mai. Na rungume tasata na ce, "Alhamdulillahi."