Cigiyar da Na Amsa Kafin In Ba da Ruwa

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan mujalla in sauke wani abu da na daɗe ina ɗauke da shi. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi sunan ƙauyenmu ba, ya isa a san yana cikin Jazira, tafiyar rabin yini a jaki daga Hasahisa. Wanda ya ga dama ya ce tsufa ne ya taɓa ni. 'Ya'yan cikina ma sun faɗa, ban mutu ba.

A shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Rusairis ban kai talatin ba. Maigidana yana da hawasha, wato gonar da hukuma ke yanka wa manomi a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da auduga. Ni kuwa abu biyu aka san ni da su, adana iri da kuma baki. Mu mutanen nan asalinmu 'yan hanya ne. Iyayenmu sun taso daga yamma a ƙasa za su Makka, suka yada zango, zango ya zama gari. A wannan doguwar hanya uwa kan rabu da ɗa, wa ya rabu da ƙane, shi ya sa cigiya a wurinmu ba wasa ba ce. In baƙo ya tsaya ya ce yana neman wasu nasa da suka wuce, ba a ɓoye masa, ɓoyewa ma zunubi muke ɗaukar ta. Mahaifina ya rabu da ƙanensa a wajen Ubayyid, har ya koma ga Allah yana tambayar matafiya labarinsa. Na tashi da wannan ciwon, ba matafiyin da zai wuce ban riƙe kamanninsa ba. Sau biyu na haɗa 'yan'uwa da suka ɓace wa juna, kuma wallahi ina taƙama da abin. Sai dai cigiya tana da ƙa'ida da tsofaffi suka bar mana: ruwa tukuna. Baƙo ya zauna, ya sha, ka dubi idonsa, sannan ka buɗe baki.

An yanke dawa ke nan an shiga cirar auduga, gari kan watse tun da safe, ni nake zama gida ina yi wa masu cira abinci. Wata rana da hantsi na ji sallama. Na leƙa na ga wani dattijo da wata budurwa, sanye da tufafi launin toka waɗanda ban ga ɗinki ko ɗaya a jikinsu ba. Hausa suke yi, amma a lanƙwashe, da wasu kalmomi da ban taɓa ji ba. Na kawo ruwa suka shanye ƙwarya biyu. Dattijon yana tari, ƙafarsa ɗaya a kumbure. Da maigidana ya dawo ya sauke shi a rumfar ƙofar gida, yarinyar kuma ta kwana ɗakina. Ba mu tambaye su komai ba, don baƙo sai ya huta yake faɗin abin da ke tafe da shi.

Washegari ina yaɓa kisira, wato siririyar wainar dawa, a kan tanda, sai yarinyar ta tsuguna kusa da ni ta ce dattijon kakanta ne, kuma ba daga wani gari suka fito ba, daga wani zamani suka fito, wanda bai zo ba tukuna. Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce a zamaninsu waɗansu halittu sun sauko daga can bayan taurari sun ci duniya da yaƙi. Ba su tsaya kashe mutane duka ba, iri suka ƙone. Duk abin da ɗan Adam zai shuka da hannunsa ya ci, sun hallaka shi, sai abin da suka ga damar ba ka, in ka yi musu aiki. Ta ce mutanenta sun ɓuya a ƙarƙashin ƙasa suka ƙera abin hawa mai komawa baya cikin shekaru, aka turo su neman iri mai rai. Sun taso su bakwai, halittun suna bin sawunsu daga zamani zuwa zamani, saura su biyu. Abin hawan yana ɓoye cikin tarin karan dawa a gindin wani tsohon gawo can ƙarshen tur'a, sai ya sha rana kwana uku, kuma ba ya tashi sai rana ta tsaya a tsakiyar kai.

Na saurare ta har kisira ta ƙone mini. Gaskiya tausayinta na ji, na ce a raina wahalar hanya ta juya wa baiwar Allah kai. Amma iri ba abin da ake hana mai roƙo ba ne. Na shiga na fasa yumɓun da na liƙe bakin tulu da shi, na ɗebo mata kaura da farfara da uwata ta zo da su daga yamma, na haɗa da gero da wake da kuɓewa, na zuba toka na ɗaure cikin buhu. Ta tsoma hannu cikin ƙwayar dawa ta fashe da kuka mara sauti. Da ta natsu sai ta kama hannuna.

Ta ce, “Inna, ko wa ya zo yana tambayarmu, ko da wace fuska ya zo, ki ce ba ki gan mu ba. Ki yi mini alkawari.”

Na ce na yi. Na faɗa ne kamar yadda ake cewa to ga mara lafiya don ya kwanta.

Rana ta uku da hantsi suka tafi, shi yana ɗingishi, ita da buhu a ka. Ba su fi sa'a ɗaya da fita ba na ji wata sallamar. Maza uku ne cikin fararen kaya, da sanduna da gora a rataye, alhazan ƙasa sak. Babbansu ya gaishe ni da Hausa irin ta mahaifina, Hausar da na daina ji tun rasuwarsa, har tsikar jikina ta tashi. Ya ce cigiya suke. Ƙanwarsu ce mai taɓin hankali ta ja tsohonsu mara lafiya suka sulale daga ayari, tana ta surutan cewa daga wani zamani ta fito, ana kuma bin ta. Uwarsu tana can zango ta ƙi ci ta ƙi sha. Jama'a, me za ku yi in ku ne? Ga labarin da hankali ya ƙi, ga wanda ya zauna daram. Farin ciki ya rufe ni, na ce yau ma Allah ya sa ta hannuna za a haɗu. Ban shimfiɗa tabarma ba, ban taɓa randa ba. Ina tsaye a bakin ƙofa na zazzage musu komai, har gawon, har tarin karan, har cewa sai rana ta tsaya za su tashi.

Sai da na gama na tuna ban ba su ruwa ba, kunya ta kama ni. Na ce su yi haƙuri, na ruga na ciko ƙwarya na miƙa wa babban. Ya ja da baya. Su ukun suka ja da baya lokaci ɗaya, taku ɗaya. Ruwan ya ɗan fantsama, ɗigo ya sauka a bayan hannunsa, wurin ya yi ƙauri ya lotsa, na ga wani abu baƙi mai sheƙi a ƙarƙashin fatar. A nan idona ya buɗe. Mutanen da suka ce sun yi wata da watanni a hanya, ba ƙura a ƙafarsu, ba gumi a goshinsu, kuma tun da suka tsaya ba wanda ya ƙifta ido. Kajina duk sun shige ƙarƙashin rumbu sun yi tsit. Babban ya yi mini godiya da muryar nan tasa, suka juya.

Abu ɗaya ya faɗo mini, tun da ba sa son ruwa, dole su zagaya ta gadar da ke kan tur'a. Ni kuwa na san kowace ƙaramar hanyar ruwa da ke tsakanin gonaki. Na ɗaure zani na yanka ta cikin auduga, ina faɗawa ruwa ina fita, laka har gwiwa, ƙaya tana yagar ƙafata. Masu cira suna kirana, wata ma tana tsokanata wai ko tuwo ne ya gudu, ban waiwaya ba. Ina gudu ina duban inuwata, tana ta gajarta, amma da saura.

Na iske su a gindin gawo sun yaye karan. Abin yana nan kamar ƙaramin rumbu na ƙarfe, yana wani gunji a hankali, ƙofarsa a buɗe. Numfashi ya hana ni magana, amma dattijon ya dubi fuskata ya gane. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Tambayata kawai ya yi su nawa ne, na ɗaga yatsu uku. Ya dubi rana, ya dubi hanyar gada, inda muka hango fararen kaya suna tahowa da wani irin sauri da ba na mutum ba, jikinsu yana tsawo yana rabuwa da kayan. Ya ce wa yarinyar ta shiga da buhun. Ta ƙi, ta riƙe rigarsa. Ya daka mata tsawa, ya ce mutane nawa ke jiran wannan buhun, ta shiga tana kuka. Sannan ya juyo gare ni ya tambaye ni ina ake buɗe ruwan gonar nan. Na nuna masa toshiyar lakar da ke bakin tur'a, can gaba, ta wajen da suke tahowa.

Da ƙafarsa mai kumburi ya tafi, ni ina biye. Muka sa hannu muna yaƙushin laka, shi yana cewa in yi sauri, ni ina salati. Ruwa ya ɓalle ya malalo cikin gonar, ya shiga tsakaninsu da gawon. Sai dai toshiyar ta fi faɗi ta ɓangarensu, kuma shi ya tsallaka can don ya ƙarasa fasa ta. Ya ture ni baya na faɗa cikin ruwa. Ina ɗagowa na gan su a kansa. Ba zan kwatanta kamanninsu ba. Wani haske ya fito, ba ƙara, ba hayaƙi. Inda yake tsugune babu kowa, sai ƙasa da ta ƙone ta yi fari.

Na rarrafa na koma gindin gawon. Halittun suna kai da komo a bakin ruwa suna neman busasshen wuri. Yarinyar tana tsaye a ƙofar abin, rungume da buhu, ta ga komai. Inuwar gawon ta taru a gindinsa, gunjin ya ƙaru. Na ce ta yafe mini, na ce sun ce mini su 'yan'uwanta ne. Ta dube ni, ba fushi a idonta, abin da ya fi kashe ni ke nan.

Ta ce, “Sauran sun so mu sauka wani gari. Shi ya nace sai gidanki. Ya ce ke kakar kakarsa ce, jininki ne shi, ba za ki bashe mu ba.”

Ƙofar ta rufe. Iska ta buge ni ƙasa, da na buɗe ido babu abin, babu halittun. Maigidana ya same ni a wurin da la'asar, jikina duk laka. Aka yi ta faɗa a kan wanda ya fasa ruwa ba ranarsa ba, na ce ni ce, aka ce aljanun gawo ne suka shafe ni, aka yi mini rubutu na sha. Ban musa wa kowa ba.

Ban sani ba ko ta isa, ko irin ya tsiro. Abin da na sani, alherin da nake taƙama da shi ne ya kashe mutumin, don na fi son a ce ni na haɗa su fiye da in tsaya in duba. Ban ce a daina amsa cigiya ba, Allah ya kiyaye, da ita muka rayu a ƙasar nan. Amma ina gargaɗin duk mai saurin baki irina, in wani ya ba ka amanar ɓoye shi, ka riƙe ko da kana ganin mahaukaci ne. Wanda kuma ya zo nemansa, komai daɗin harshensa, zaunar da shi ka ba shi ruwa, ka ga ya haɗiye.

Yanzu jikokina sun cika gida, nakan bi su da kallo ina tunanin ta tsatson wanne zai fito. Dalilin da ya sa na nace a buga wannan ke nan, don takarda ta fi ni daɗewa. Ɗan nan, in ta kai zamaninka, in ka karanta, ka ji maganar tsohuwarka. Ranar da za ku zo neman iri, ka bi shawarar 'yan'uwanka ku sauka wani gari. Kada ka zo gidana.