Jajayen Takalman Tuva

Yana zaune kusa da ni a barandar kotun ɗaukaka ƙara ta Bergen, rigar ruwansa na ɗiga. Hannayensa duk sun tsattsage, irin na masu aikin jirgin kamun kifi. Ina jin a teku shekarunsa suka tafi, kullum yana cewa gobe zai buga waya gida. A cinyarsa akwai jajayen takalman roba, sababbi fil, irin na yaran da suka fara tafiya. Sai shafa su yake.

Lauyarsa ta zo ta tsaya a kansa.

"Torleiv, ƙaramar kotu ta ce ka yi watsi da 'yarka, shi ya sa ta raba ku. Yau ce damarka ta ƙarshe. Wannan kuma na mene ne?"

"Ruwa ya sauko. Tuva ba ta son ƙafarta ta jiƙe."

"Haba, Torleiv! Yarinyar tana aji huɗu fa."

Ya kifa takalmin, ya daɗe yana kallon lambar. Aka kira sunansa. Ya tura su ƙarƙashin benci ya miƙe. Har ya kai bakin ƙofa, sai ya dawo ya ɗauke su, ya cusa cikin rigarsa.